Skytrain: Kashe Shi Aka Yi, Ko Bashi Ne Ya Ci Shi?

Skytrain shi ne sunan jigilar fasinja mai rahusa da kamfanin Laker Airways na Birtaniya ya gudanar tsakanin Ingila da Amurka. Jirginsa na farko ya tashi daga filin Gatwick na Landan zuwa Niyok ranar 26 ga Satumba, 1977. Ranar 5 ga Fabrairu, 1982, banki ya rufe kamfanin, ana bin sa kusan fam miliyan 270. Duka rayuwar Skytrain shekara huɗu ce da 'yan watanni. Fasinjoji wajen 6,000 gari ya waye musu a ƙasashen waje da tikitin da ba jirgin da zai karɓa, ma'aikata kimanin 2,500 kuma suka rasa abin yi. Tun daga lokacin ake jayayya a kan abin da ya kayar da shi. Wasu na cewa manyan kamfanonin jiragen sama ne suka haɗa baki suka kashe shi saboda ya ɓata musu kasuwa. Wasu kuwa na cewa mai kamfanin, Freddie Laker, ya ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, ko ba wanda ya taɓa shi faɗuwa zai yi.

Kafin Skytrain, kamfanoni ne da kansu ke yanke kuɗin jirgi tsakanin ƙasashe. Waɗanda ke cikin ƙungiyar IATA kan yi taro su tsayar da farashi, gwamnatoci su amince, kowa ya sayar a kan haka. Mai neman sauƙi sai dai ya bi jirgin shata, shi ma da sharaɗi: dole fasinjojin su zama 'yan ƙungiya ɗaya da suka yi aƙalla wata 6 a cikinta, kuma ƙungiyar ba don tafiya aka kafa ta ba. Dillalai suka shiga ƙirƙirar ƙungiyoyin bogi, suna buga katin zama mamba da kwanan watan baya. Jami'ai kan tsaya a bakin jirgi suna yi wa mutane tambayoyi, wanda aka kama a sauke shi. Jiragen Laker ma an taɓa kama su da irin waɗannan fasinjoji.

Laker ya san harkar ciki da waje. An haife shi a garin Canterbury a 1922, ya fara aiki yana yaro a masana'antar ƙera jirage ta Short Brothers, ya yi arzikinsa na farko da tsofaffin jiragen yaƙi a jigilar kaya zuwa Barlin a 1948 da 1949. Ya shugabanci British United Airways, sannan a 1966 ya kafa nasa kamfanin, yana kai masu yawon hutu. A 1971 ya nemi lasisin abin da ya kira Skytrain, wato jirgin sama da za a riƙa shiga kamar jirgin ƙasa: mutum ya zo ranar tafiya, ya biya, ya zauna inda ya samu, in yana son abinci ya saya ko ya zo da nasa. Hukumar jiragen sama ta Birtaniya ta ba shi lasisi a 1972, ya sayo manyan jirage ƙirar DC-10 masu kujera 345. Amurka ta riƙe nata izinin. A 1975 ministan ciniki na Birtaniya, Peter Shore, ya sanar da soke shirin gaba ɗaya. Laker ya kai gwamnati kotu, a Disamba 1976 kotun ɗaukaka ƙara a ƙarƙashin Lord Denning ta ce minista ya wuce gona da iri. Sai a 1977 Shugaban Amurka Jimmy Carter ya sa hannu a kan izinin ƙasarsa.

Fam 59 ne kuɗin zuwa Niyok daga Landan, dala 135 daga can zuwa Landan, abin da bai kai rabin kuɗin kujerar talakawa a manyan kamfanoni ba. Ɗalibai da masu ƙaramin albashi da tsofaffin da 'ya'yansu suka yi hijira zuwa Amurka suka yi ca. A bazarar 1978 mutane sun kwana a layi a tashar jirgin ƙasa ta Victoria, inda ake sayar da tikitin. Shekarar farko ta kawo riba, Sarauniya ta ba Laker lambar girma ta Sir a 1978, aka buɗe hanyar Los Angeles, daga baya Miami da Tampa. Margaret Thatcher, wadda ta zama firaministar Birtaniya, ta riƙa buga misali da shi a matsayin ɗan kasuwar da ya tsaya da ƙafarsa.

Masu cewa kashe shi aka yi sukan fara da waɗancan shekaru shida na neman izini, domin a nan aka fara ganin wanda ba ya son Skytrain ya tashi. Da ya tashi ɗin, British Airways da Pan Am da TWA, waɗanda suka daɗe suna cewa irin wannan farashi ba zai yiwu ba, nan take suka fito da nasu tikitin jiran gurbi a kan kuɗin da ya ɗara na Laker da 'yan fam kaɗan. Wannan bai kayar da shi ba. Babban bugun ya zo a Oktoba 1981, lokacin da Pan Am a ƙarƙashin sabon shugabanta Ed Acker ta zaftare kuɗin kujerar talakawa a hanyoyin da Laker ke bi, a wasu wuraren da fiye da rabi, har ya yi daidai da na Skytrain. British Airways da TWA suka bi sahu. An yi haka ana shiga hunturu, lokacin da fasinjan Tekun Atlantika ke raguwa, kuma kowa a kasuwar ya san Laker na roƙon bankuna su ɗaga masa ƙafa.

Hujjarsu a nan tana da nauyi. Dukkan kamfanonin uku asara suke yi. Pan Am ta sayar da katafaren ginin hedikwatarta na Niyok, ta sayar da otal-otal ɗinta na InterContinental, don ta samu na kashewa. British Airways ta gwamnati ce, kuma a shekarar kuɗi ta 1981 zuwa 1982 ta rubuta asarar sama da fam miliyan 500, baitulmali na tsaye a bayanta. Kamfanin da ke asara a kan farashi mai tsada, ya kuma rage shi da rabi, ba riba yake nema a wannan hunturun ba. Yana da kadarar sayarwa ko aljihun gwamnati da zai jure da shi, Laker kuwa ba shi da ko ɗaya. Ƙarin shaida, a cewarsu, ita ce watanni kaɗan bayan rufe Skytrain kuɗin tsallaka Atlantika ya sake hawa.

Abu na biyu ya fi farashi muni. A ƙarshen 1981 an shirya ceto kamfanin: McDonnell Douglas, mai ƙera DC-10, da General Electric, mai ƙera injinansa, za su mayar da wani ɓangare na bashin da suke bin Laker ya zama hannun jari. Da labari ya fita, British Caledonian da wasu kamfanonin Turai suka aika wa masana'antun saƙonni cewa in suka tallafi Laker, to su manta da cinikinsu. British Caledonian ɗin nan ita ce wadda jiragenta ke sauka Kano da Legas daga Gatwick a wancan zamani, kuma DC-10 take amfani da shi, don haka maganarta ba ta wasa ba ce a kunnen mai ƙera jirgin. Shirin ceton ya wargaje. Kwana uku kafin rufewa Laker yana gaya wa 'yan jarida cewa matsalar kuɗi ta wuce.

A Nuwamba 1982 Christopher Morris, akantan da aka naɗa ya tattara kadarorin kamfanin ya biya masu bin bashi, ya shigar da ƙara a kotun tarayya ta Washinton a ƙarƙashin dokokin Amurka na hana haɗa baki a kasuwa. Ya haɗa British Airways da British Caledonian da Pan Am da TWA da Lufthansa da Swissair da McDonnell Douglas, daga baya aka ƙara wasu. Dokar Amurka tana ninka diyya sau uku, don haka abin da ake nema ya haura dala biliyan 1. Gwamnatin Birtaniya ta yi amfani da wata dokarta ta 1980 ta hana kamfanoninta miƙa takardu ga kotun Amurka. British Airways da British Caledonian suka nemi kotunan Ingila su hana Morris ci gaba da ƙarar, amma a 1984 alƙalan Majalisar Dattawa, waɗanda su ne kotun ƙoli a lokacin, suka ƙi. A Nuwamba 1984 Shugaba Ronald Reagan ya ba da umarnin dakatar da binciken laifi da ma'aikatar shari'arsa ke yi a kan lamarin, bayan matsin lamba daga gwamnatin Thatcher. A 1985 aka sasanta a wajen kotu: kimanin dala miliyan 48 ga masu bin bashi, dala miliyan 8 ga Laker shi kansa. Magoya bayansa na tambaya, wanda ba shi da laifi me zai sa ya biya wannan kuɗi, me kuma zai sa shugabannin ƙasashe biyu su tsoma baki don kada a kai ga hukunci?

Ɗaya ɓangaren yana fara nasa lissafin daga littafin kuɗin kamfanin. Jarin da masu Laker Airways suka zuba bai wuce kimanin rabin miliyan na fam ba, kuma kusan duka na Laker ne. A kan wannan ɗan tushe aka ɗora jirage 20 da bashin ɗaruruwan miliyoyi. A 1978, ribar shekara guda tana hannu, Laker ya yi odar ƙarin DC-10 guda 5 masu dogon zango da Airbus A300 guda 10. Bankin Amurka mai tallafa wa fitar da kaya ya jagoranci bashin na farko, wasu bankuna ƙarƙashin jagorancin Midland suka ba da na biyun. Airbus ɗin an saye su ne don wani Skytrain na cikin Turai mai hanyoyi sama da 600, alhali ba a ba shi lasisin hanyoyin ba, kuma ba a taɓa ba shi ba. Uku daga cikin jiragen suka iso a 1981 ba su da aikin da aka saye su dominsa, kuɗin ruwa kuwa yana tafiya.

Bashin da dala aka ci shi, alhali yawancin fasinjojin 'yan Birtaniya ne masu biya da fam. A ƙarshen 1980 fam ɗaya na sayen kusan dala 2.40, a tsakiyar 1981 ya faɗi zuwa wajen dala 1.80. Kowace dala miliyan 100 da ake bin kamfanin ta tashi daga kimanin fam miliyan 42 zuwa kimanin fam miliyan 56 ba tare da an ranci ko kwabo ba. Laker bai ƙulla yarjejeniyar sayen dala a kan tsayayyen farashi don kare kansa ba. Duk mai jirgi a Nijeriya da ke karɓar naira yana biyan hayar jirgi da kayan gyara da dala ya san wannan ciwon. Faɗuwar fam ta kuma sa hutu a Florida ya yi wa Baturen Ingila tsada, fasinjan Miami ya ja baya.

Akwai kuma abubuwan da suka auka wa kowa. A Mayu 1979 wani DC-10 na American Airlines ya faɗi a Shikago, mutum 273 suka mutu, hukumar Amurka ta dakatar da wannan ƙirar jirgi na kwana 37 a tsakiyar lokacin ciniki, kuma kusan duk manyan jiragen Laker wannan ƙirar ce. Juyin juya halin Iran na shekarar ya ninka kuɗin mai. Tattalin arzikin Birtaniya da na Amurka suka shiga matsi, kuɗin ruwa a Amurka ya haura kashi 20 cikin 100 a ƙarshen 1980. Dokar Amurka ta 1978 da ta saki harkar jiragen sama, da sassaucin gwamnatin Carter a kan hanyoyin waje, sun cika Atlantika da kujeru fiye da fasinja. Kamfanin Braniff na Amurka shi ma ya durƙushe a Mayu 1982. A hunturun ƙarshe dusar ƙanƙara mai yawa da yajin aikin direbobin jirgin ƙasa suka ƙara rage masu zuwa Gatwick, alƙaluman Janairu suka fito da muni, kuma waɗanda suka janye daga shirin ceto sun dogara da wannan ne: ramin ya fi kuɗin da aka tanada don cike shi.

A kan farashi, wannan ɓangaren na cewa Laker ne ya nemi a saki kasuwa, ba zai dawo yana kuka don an sayar a kan kuɗinsa ba. Pan Am daidaita farashi ta yi da nasa. Kuma Skytrain na 1981 ya riga ya sauya kama: ana ajiye kujera tun kafin ranar tafiya, ana sayarwa ta hannun dillalai masu karɓar la'ada, har an buɗe sashen manyan fasinjoji mai suna Regency don jan 'yan kasuwa, waɗanda su ne abincin manyan kamfanoni. Wanda ya shiga gonar Pan Am dole ya sa ran martani. British Caledonian kuwa ta ce ita ma kamfani ce mai zaman kanta da ke biyan McDonnell Douglas kuɗinsa cif, ba dalilin da zai sa kuɗinta ya koma jarin abokin gogayyarta. Sasantawar 1985 ma suna da bayaninta: gwamnati na son cefanar da British Airways, kuma ba mai sayen hannun jarin kamfanin da ƙarar dala biliyan 1 ke rataye a wuyansa. An biya ne don a share hanya, ba wanda ya amsa laifi, aka sayar da kamfanin a Fabrairu 1987.

In aka auna, hujjojin ɓangarorin biyu ba a kan tambaya ɗaya suke ba. Na farko suna bayanin dalilin da ya sa kamfanin ya mutu a Fabrairun 1982, na biyu suna bayanin dalilin da ya sa bugu ɗaya ya isa ya kashe shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar nan Laker ne ya yi ta da hannunsa a 1978, ranar da ya yi odar jirage 15 da kuɗin aro. Kamfanin da ya tsaya a kan Niyok da Los Angeles da jiragen da yake da su zai iya cin hunturu ɗaya na asara. Ta wannan fuska ɓangare na biyu ya fi gaskiya. Amma ba duk abin da abokan gogayyarsa suka yi ne za a wanke da sunan gasa ba. Rage farashi ana iya kare shi, tunda fasinja ne ya ci moriyarsa ko da na 'yan watanni ne. Saƙonnin da aka aika wa McDonnell Douglas ba su rage wa kowane fasinja ko sisi ba. Manufarsu ɗaya ce, a toshe wa mai numfashi da ƙyar hanyar iska, kuma kamfanoni da dama ne suka yi hakan a lokaci guda. Dakatar da binciken da Reagan ya yi ba ya tabbatar da laifi, sai dai ya hana a san iyakarsa.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa ko da jari mai kauri, araha a doguwar tafiya ta fi wuyar riƙewa. Southwest a Amurka da Ryanair da easyJet a Turai sun yi ƙarfi ne a gajerun hanyoyi, inda jirgi ke sauka ya juya cikin rabin sa'a, ya yi sawu da yawa a yini, ya sauka a ƙananan filaye masu sauƙin haraji. Jirgin da ke tsallaka Atlantika sawu biyu ne iyakarsa a yini ko na wane ne, mai ne ke cin babban kaso na kuɗin, kuma man farashinsa ɗaya ga kowa. Babban kamfani yana da fasinjan gaba da ke biyan ninkin ba ninki, yana da kaya a cikin jirgi, yana da masu sauya jirgi daga wasu garuruwa, don haka yana iya sayar da kujerun baya da arha ba tare da ya ji a jikinsa ba. People Express ta shiga hanyar Newark zuwa Gatwick a 1983, kafin ƙarshen 1987 sunanta ya ɓace. Primera Air ta rufe a 2018, WOW air ta ƙasar Iceland a Maris 2019, Norwegian ta daina doguwar tafiya a Janairu 2021. Virgin Atlantic, wadda Richard Branson ya kafa a 1984 yana shan shawarar Laker, ta rayu, amma da jirgi ɗaya na haya ta fara, kuma tun ranar farko tana da sashen manyan fasinjoji. Shawarar da aka fi tunawa Laker ya ba shi ita ce ya garzaya kotu tun kamfaninsa na da rai. Branson ya yi hakan, a 1993 British Airways ta ba shi haƙuri a gaban kotu, ta biya shi fam 500,000, kamfaninsa kuma fam 110,000, a shari'ar ɓata suna da ta taso daga zargin zagon ƙasa.

Tambayar karya farashi don kashe ƙarami kuwa har yanzu da wuya a ci shari'arta a harkar jirage. Kujerar da jirgi ya tashi da ita ba kowa ta tafi ke nan, saboda haka kowane kuɗi aka sayar da ita ya fi babu, kuma babban kamfani na iya nuna cewa ko farashi mafi ƙanƙanta ya biya kuɗin ɗaukar fasinja ɗaya. Kotun ƙolin Amurka ta gindaya a 1993 cewa mai ƙara sai ya tabbatar an sayar ƙasa da kuɗin da aka kashe, ya kuma tabbatar akwai yiwuwar mai karya farashin ya mayar da asararsa daga baya. A 1999 gwamnatin Amurka da kanta ta kai American Airlines kotu bisa zargin korar ƙananan kamfanoni masu rahusa daga filin Dallas ta hanyar zaftare farashi da ƙara yawan jirage. Alƙali ya kori ƙarar a 2001, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2003.